Baƙuwar da na kai wa Radisav ranar slava

Gida ɗaya ya rage a hawan ƙasa na sabon benen da birni ya gina wa masu ƙaramin ƙarfi, mu biyu kuma muke nemansa, ni da Radisav. Hayar gidajen nan daidai samun mutum ake yanka ta. Sharaɗin dai kada abin da ke shigo wa iyalinka ya haura iyakar da suka sa, kada kuma kai ko matarka ku mallaki ko ɗaki guda a ko'ina.

Ni da matata Stamenka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa muke haya tun da aka rufe masana'antar gilashin da na ƙarar da ƙuruciyata a ciki. Bango kullum a jiƙe, gwiwoyinta sun kumbura, hawa matakala ya zame mata azaba. Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan gidan nan.

Radisav kuwa kum ɗina ne, ni ma kum ɗinsa, "kume" muke kiran juna. Shi ya tsaya mini ranar aurena, shi ya riƙe 'yata a coci ya raɗa mata suna. Ɗan'uwanka na jini kana iya zaginsa ku shirya da yamma, amma kum ko murya ba a ɗaga masa.

Da sakamako ya fito sai ga Radisav a samana. Na je ofishin gidaje na sami Madam Leposava, wadda ke duba masu nema, mace mai ƙarancin magana. Ta ce an kawo musu labari cewa matata na gasa tattasai duk kaka tana sayarwa a kwalabe, an haɗa wannan da fanshona. Ban haura iyaka ba, amma makina ya ragu. Ba ta faɗi wanda ya kawo labarin ba, ni ma ban tambaya ba. Mutum ɗaya ne yake ɗaukar mana kwalaben nan a motarsa zuwa kasuwa, yana ci mana burodi da tattasan a hanya.

Ban yi boko mai zurfi ba, amma na yi zama da mutane. Na san Radisav ya saki matarsa Vukosava a kotu, saki na takarda kawai, aka mayar da babban gidansu na ƙauye da sunanta. Shi kuma ya ce wa ofis yana kwana a wani ɗan ɗaki bayan shagon facin tayar ɗan baffansa. Gidan birnin ma ɗansa yake nema wa. Na zayyana wa Madam Leposava duk wannan. Ta ce hukuncin kotu yana gabanta, maganar baki ba ta rushe shi, amma idan na ɗaukaka ƙara dole ta je ta ga inda mutumin yake zaune da idonta.

Na ɗaukaka. Sannan na tambaye ta, kamar hira, wane waliyyi gidansu ke yi wa slava, wato bikin shekara-shekara da kowane gida ke yi wa waliyyinsa. Ta ce Jorje, sai bazara. Na ce ashe ranar Waliyyi Nikola ita kaɗai za a bari a ofis, rabin gari na gida suna karɓar baƙi, ba layi ba hayaniya, ranar fita dubawa ke nan. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce za ta gani. Waliyyi Nikola kuwa shi ne na gidan Radisav.

Stamenka ba ta so ba. Ta ce gara gwiwarta ta ruɓe da a ce mijinta ya tona wa kum asiri ranar slavarsa. Na ce ita ta ji da yafiya, tunda ta fi ni zuwa coci.

Ranar da hantsi ni da Madam Leposava muka je shagon faci a motar ofis. Ɗakin a kulle, kwaɗon har ya yi tsatsa. Na ce na san inda za mu same shi.

Abin da na dogara da shi ke nan. Mutum na iya yi wa alƙali ƙarya, amma slava gadon ubansa ce, a gidansa na gaskiya yake yin ta, inda hoton waliyyi ke rataye. Da Radisav ya kunna kyandir ɗinsa shekara ɗaya tak a bayan shagon taya, da ya ci ni. Amma ina. Me dangi za su ce? Ranar slava kuma ba a mayar da baƙo daga ƙofa, ko da maƙiyinka ne.

Shi ya buɗe mana, cikin farar riga. Ya gan ni ya buɗe hannu, sai ya hango wadda ke bayana. Hannun ya tsaya a sama.

"Barka da slava, kume," na ce. "Na zo maka da baƙuwa, ba ta da inda za ta ci kifi yau."

Ya ce mu shigo, da muryar da ba tasa ba. Vukosava ta kawo mana dafaffiyar alkama a faranti, kowa ya ɗebi cokali. Ba ta san matar ba, har tana yaba rigar sanyinta.

Mun zo a daidai. Fada, limamin coci, ya ɗaga burodin slava ya tsiyaya masa jan giya, ya shiga addu'a yana kiran sunaye da ƙarfi: bawan Allah Radisav, maigidan nan, da matarsa Vukosava, da 'ya'yansu. Na zuba wa Radisav ido. Yana iya cewa Fada ya dakata, an yi kuskure. Bai ce ba. Ya kama burodin suka juya shi tare, ya sumbace shi, zufa na bin wuyansa.

Aka zaunar da Madam Leposava kusa da wata tsohuwar gwaggon Vukosava mai nauyin kunne. Ba ta ma sha wahalar tambaya ba. Gwaggo ta ba ta labarin yadda Radisav ya sake rufin gidan da hannunsa bara, da yadda ba ya iya barci in ba Vukosava ta shafa masa man zafi a baya ba, aure ke nan irin na da. Madam Leposava na cire ƙayar kifi tana gyaɗa kai.

Maigida ba ya zama ranar slava, a tsaye yake hidima. Da ya zo kaina da kwalbar barasar da muke kira rakiya sai ya sunkuyo.

"Kume, a gaban kyandir?"

"Kai a ina ka yi naka?" na ce. "Zuba mini, kifin nan ya ji gishiri."

Ya zuba har ya jiƙa mayafin tebur. Na ci kifi, na ci wake, na ƙara da kabejin da aka naɗe da shinkafa. Rabona da in ji daɗin abinci haka na manta.

A hanyar komawa ni da Madam Leposava muka kai gadar kogin Morava. Nan ta ce ita aikinta ta yi, amma ba za ta so in zama kum ɗinta ba. Na ce ai ban nema ba.

Bayan sabuwar shekara aka cire sunan Radisav, aka kira ni na karɓi makulli. Vukosava ta aiko wa Stamenka cewa kada ƙafarmu ta sake taka gidansu, ko ranar jana'iza. Stamenka ta yi kuka sosai. Tun da muka tare take bina in je in nemi gafararsa kafin ɗayanmu ya mutu, wai haƙƙin kum ba ya barin mutum. Tana faɗin haka ne zaune a bakin taga, ta miƙe ƙafafu kusa da bututun ɗumama ɗaki. Na ce mata shi ya fara, ya kuma san lambar ƙofata.