Faɗin Kafaɗar Ɗan Fari

Tun da zafi ya fara raguwa a Alƙahira na kasa zama wuri ɗaya. Masu gasa dankali sun fito da kurarsu bakin titin Faisal, gwaiba ta cika kasuwa, da yamma har iska takan ɗan yi sanyi. Ni kuwa abu ɗaya ke kaina: hoto. Ina so a ɗauke mu, mu biyar, ni da matata da 'ya'yanmu uku, a tsaye wuri guda, kafin ranar Asabar.

Ranar Asabar babban yarona zai hau jirgin ƙasa zuwa Aswan, daga can ya tsallaka Sudan ya koma Omdurman. Ya ce zai je ya ga abin da yaƙi ya rage na gidanmu, in da sauran bango ya ɗora rufi. Na aika uwarsa ta hana shi, ta yi kuka ta gaji, bai sauya ba. Hotunanmu duk can muka baro su cikin akwati ranar da muka gudu. In ya tafi, ba ni da abin da zan kalla.

Arwa, mai bi masa, ita ta samo mai hoto ta waya, wani Bamisre mai suna Ayman. Ya ce Juma'a bayan la'asar, a wani lambu da ke bakin Nilu a Zamalek. Ya ce a wannan lokaci na kaka ranar yamma takan yi ja mai kyau, amma ba ta daɗewa, in muka makara khalas, shi ke nan. Tun daga nan na shiga buga masa waya. In hayaƙin karan shinkafar da manoma ke ƙonawa ya rufe gari fa? In masu gadin lambu suka hana? Fari zai fi fitowa, ko mu sa shuɗi?

"Ya Abu Arwa, jiya ka kira ni, yau da safe ka kira ni," in ji shi. "Rana ba a hannuna take ba. Ku dai zo da wuri."

Abu Arwa. Haka duk layinmu ke kirana. Da muka sauka nan, maƙwabta suka tambaye ni, kamar yadda suka saba, uban wa za su ce mini. Sunan ɗan fari suke so. Bakina ya ƙi, sai na ba su sunan ƙanwarsa. Yana tsaye a bayana da buhun kayanmu a kai.

Mu a gidanmu, tun kakannina da suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi, ba ya zama kusa da shi, ba ya tsura masa ido. Kunya ce. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifina ya rasu ban ji ya kira sunana, Ya'ƙub, ba, kuma ban taɓa tambayar kaina ko yana sona ba. Da na yi zazzaɓi ina yaro, a ƙofar ɗakin ya shimfiɗa buzunsa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Na ɗauka kowane ɗa yana gane irin wannan.

Ni tela ne, ina da ɗan shago a ƙarƙashin benen da muke haya. Saboda hoton na sayo farin yadi na yanka jallabiya biyu iri ɗaya, tawa da tasa. Tasa na yanka ta a kan awon da ke kaina, na rigar Sallar ƙarshe da na ɗinka masa a Omdurman, wanda uwarsa ta auno mini. Tun da muka zo nan riga da wando yake sawa, yana aikin sauke kaya a wani sito. Na goge ta da kaina, na ninke, na ba Arwa ta kai masa sama.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga ta ta dawo da ita a cikin leda.

"Baba, ba ta shiga ba."

"Me ba ta shiga ba?"

"Jikin Yaya mana. Kai ya wuce, kafaɗa ta tsaya. Sai da ni da Hadeel muka kama muka yi ta ja, kamar ana fiɗar akuya." Ta so ta yi dariya, ta fasa.

"Kawo in buɗe ta. Ɗauki tef ki je ki auno mini shi."

"Ya ce kar ka wahalar da kanka. Ba zai zo ba."

Na ɗage ƙafa daga kan keke. "Me ya ce?"

Ta kalli ledar. "Ya ce mutumin da ke auna rabin mutanen titin Faisal bai san faɗin kafaɗarsa ba. Ya ce a ɗauke mu mu huɗu, dama shi kullum a gefen hoto yake, ko an yanke shi ba mai lura."

Na tashi na zauna, na sake tashi. Na fita bakin shago na kalli sama, na dawo. Wani ya kawo wando a rage masa tsawo, na karɓa na ajiye, ban san me ya ce ba. Kafin magariba na rufe na hau sama.

Yaron ba ya nan. Bakhita, matata, tana goge tob ɗin da za ta yafa gobe, Hadeel, autarmu, tana riƙe mata gefe.

"Maman Arwa, in ya dawo ki gaya masa..."

"Na gaji da aike, Malam." Ba ta ko ɗago ba. "Tun yana goye ni ce gidan waya tsakaninku. An rufe gidan waya."

"Ke ma ai kin san yadda aka tashe mu."

"Na sani. Da ni ma ba na kiran sunansa. A hanyar Halfa, muna gudun yaƙi, da ya sauka neman ruwa mota ta tashi, me kake so in ce? Wancan? Na ƙwala sunansa har muryata ta dushe. Kana zaune, ka ga sama ta faɗo?"

"Ke uwa ce."

"Kai kuma tela ne. Ga tef nan a wuyanka."

Hadeel ta toshe baki da gefen tob ɗin. Na harare ta, na shiga ɗaki.

Da safe ya riga ni fita. Na zauna a shago na farke gefen jallabiyar tun daga hammata har ƙasa, na shimfiɗa ta, na tsaya ina kallo. Nawa zan ƙara? Ban sani ba. Na rufe ido in hango shi, sai yaron Omdurman nake gani, siriri, mai dogon wuya. Na buga wa Ayman in ce a fasa, yana ɗauka na ce masa ina tambaya ne ko yana da labarin hayaƙi.

"Sama tas take, ya Abu Arwa. Ka je masallaci, Allah ya ba ka natsuwa."

A masallacin Juma'a na hango shi can sahun baya, inda ya saba tsayawa nesa da ni. Ban ji huɗuba ba. Ana sallamewa na kutsa cikin mutane, takalmina ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya riga ya kai bakin titi, ya nufi inda motocin haya, mikrobas, ke lodi. Abokansa na sito zai je yi wa sallama, in ya hau ba zan sake ganinsa ba sai rana ta faɗi.

"Kai!" na ce.

Mai gwaiba ya waiga, wani tsoho ya waiga. Shi bai waiga ba.

"Kai, yaron nan!"

Yara uku da ke wasa a bakin shagon burodi suka tsaya suna kallona. Shi kuwa ya kama ƙofar motar, ya ɗora ƙafa.

"Munzir!"

Ban gane muryar ba. Ta fito kamar ta wani. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a mota, ya juyo yana neman mai kiran, idonsa ya wuce ta kaina ya dawo.

"Yalla ya ustaz, hawa ko sauka?" in ji direba.

Ya sauko da gudu. "Baba, lafiya? Wani abu ya sami Mama?"

"Zo shago."

"Na gaya wa Arwa..."

"Na ji abin da ka gaya wa Arwa. Zo in auna ka."

Muka taho, ina gaba yana baya. A shago na ce ya juya. Na zare tef daga wuyana, na ɗora kansa a ƙashin kafaɗarsa ta hagu, ya suɓuce. Na sake ɗorawa. Sai da na ɗaga dunduniya kafin na kai ɗaya gefen. Ƙato ne. Ban san ranar da ya zama haka ba. A bayan wuyansa akwai tabo mai tsawon yatsa.

"Wannan fa?"

"Tun bara. Ƙarfen sito ne."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ka tambaya ba."

Na zagaya tef ɗin a ƙirjinsa. Dole na rungume shi kafin hannuwana su haɗu. Na ji ya riƙe numfashi.

"Saki jikinka, kar ta sake matsewa."

"Ashe ka san sunan," in ji shi, yana kallon silin.

"Ni na raɗa shi."

"Na ɗauka a wurin suna ka baro shi."

"Miƙe hannu, sarkin surutu."

Ya miƙe. Na ce masa mahaifina ma bai taɓa kiran nawa ba. Ya ce ya sani, uwarsa ta sha gaya masa.

"Amma shi Kaka bai tsaya a gabanka ya ce wa mutane shi uban wata ne ba."

Na sa alli na rubuta awon a jikin tebur.

Sai ga wata matsalar. Ragowar yadin ƙyallaye ne, ba za su isa ƙari biyu ba, kuma masu yadi ba sa buɗewa sai can yamma. Na juya shagon, fararen da na samu duk sun sha bamban, wani ya yi madara wani ya yi shuɗi-shuɗi. Na ciro tawa jallabiyar daga rataya, na sa almakashi na zagaye gindinta.

"Baba, me kake yi?"

"Riƙe nan. Ja sosai."

Ya zauna a kan kujerar masu jira yana zare mini tsohon zare, ni ina taka keke. Allura ta karye, na sauya. Aka kira la'asar ban gama hannun dama ba. Arwa ta leƙo ta gan mu, ta koma sama a guje tana kiran uwarta. Wayata ta yi ta ruri a kan tebur. Yau Ayman ne ke kirana.

Muka cika tasi ɗaya, Hadeel a cinyar Arwa. A kan gada motoci suka tsaya cik. Ina kallon rana tana sauka a kan benayen Giza, ina taka ƙasan motar kamar keke ne.

"Malam, za ka huda wa mutum mota," in ji Bakhita. Ta dubi ƙafafuna. "Wannan kuma jallabiya ce ko rigar Hadeel ka aro?"

Ƙwaurina duk a waje yake. 'Yan matan suka fashe da dariya, har direba ya leƙo ta madubi.

Muka tarar da Ayman a ƙofar lambu yana nuna mana sama da hannu biyu. Hasken ya rage a saman itatuwa da wani ɗan fili a bakin ruwa. Ya ja mu can da sauri, ya zaunar da Bakhita a benci, Arwa a damanta, Hadeel a hagu, maza a baya. Munzir ya tsaya bayan uwarsa. Ni kuwa ƙafafuna suka ɗauke ni da kansu har ƙarshen bencin, bayan Hadeel.

"Baba ya gudu," in ji Hadeel.

"Ya Abu Arwa, matso kusa da saurayin, rana na tafiya!"

Munzir bai kalle ni ba. Yana kallon ruwa.

"Abu Munzir," na ce.

"Na'am?" in ji Ayman.

"Abu Munzir ake ce mini."

"Tamam, ya Abu Munzir, ma'alish, yi haƙuri. Matso, ɗora hannu a kafaɗarsa. Yalla, kowa ya kalle ni!"

Na matsa. Na ɗora. Ƙarƙashin tafina na ji ɗinkin da na yi cikin gaggawa, ya ɗan tattare a wajen hammata, ga wani zare da ban yanke ba. Na ji kafaɗar ta sauko kaɗan ta zauna a hannuna.

Ayman ya duba bayan kyamararsa ya dafa kai. "Ya hajj, kowa na kallona ban da kai. Kai saurayin kake kallo. Mu sake."

Ya ɗaga kyamarar, ya sauke. Ranar ta riga ta faɗa bayan benaye.

Munzir ya zagaya ya karɓi kyamarar, ya daɗe yana dubawa.

"Bar shi haka," in ji shi. "A wanke biyu. Da ɗaya zan tafi."