Koren Kwanon Lubabatu

Ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke kayan Sakinatu a ƙofar gidan liman a Djougou, madubin sif ɗinta ne ya fara fashewa, haƙurinta ya biyo baya. 'Yar unguwar Guéma ce ta Parakou, gidan 'yan kasuwa, ta saba da famfo a tsakar gida da shagon ɗinkinta a Banikanni. Sai ga ta goye da 'yarta Mubaraka tana kallon ɗaki biyu da rijiya, ga wata tsohuwa zaune kan turmi tana bin akwatunanta da ido.

Tsohuwar nan Inna Tsahara ce, matar marigayi liman. Gidan dai na masallaci ne, amma wa zai ce mata ta tashi? Dattawan unguwa sun ɗauko mijin Sakinatu, Malam Zulkifli, saboda karatunsa da daɗin muryarsa, sai dai da sharaɗi: daga wannan azumi zuwa na baɗi za su gani. In ya san mutanensa, limanci nasa ne. In bai san su ba, hanyar Parakou tana nan. Ajinsa na islamiyya a can kuwa an riga an ba wani, shagonta ma ƙanwarta ta shige. Komawa ke nan da kaya a ka, 'yan Guéma su samu abin taunawa.

Tun ranar farko Sakinatu ta ce a sauke wani ƙaton kwando da ke rataye a zaure, wai yana tara gizo-gizo. Inna ta ɗauke abinta ta kai ɗaki.

Sai kwanuka suka fara shigowa. Sakwara da miyar gyaɗa, wasa-wasa, soyayyen cukun wagashi, daga wannan gida da wancan. Ba firigon da za a sanyaya su a ajiye, kuran ɗin lantarki ma sai ya ga dama yake zuwa. Sakinatu ta yi ta mita, ko an gaya musu matar liman ba ta iya girki ba ne? Malam ya ce alheri ne, ta karɓa ta gode. To, ta nuna musu tarbiyyar gidansu. Ta wanke kowane kwano har sai ta ga fuskarta a ciki, ta saka sabulu ko goro don kada a ce 'yar Guéma ta mayar da kwano wayam, ta kira Zailani mai zem, ɗan acaɓan unguwa, ya ɗaure su a bayan babur ya rarraba. Kafin la'asar kowa ya ga nasa. Har waya ta yi wa uwarta tana cewa ai ta gyara wa 'yan unguwar tsari.

Shi kuwa Malam, huɗuba tana daɗi, amma komai shi ne na ƙarshen ji. 'Yan'uwa biyu suka yi rigima kan gonar doya a Onklou har gaban jandarmomi, sai bayan an gama ya ji. Wata ta yi yaji, sai da aka yi bikonta ya ji. Dattawa suka fara cewa da marigayi ne, da tuni ya je. Da ya tambaya ta yaya marigayi yake sani, sai suka ce ai shi liman ne. Ya dawo gida ya ture sakwarar mutane, ya zauna yana kallon bango.

Kwanuka suka yi ta raguwa, Sakinatu ta ce madalla. Mata suka daina tsayawa gaisuwa a bakin rijiya, ta ce ƙauyanci ne. Ɗaya ne kawai bai daina zuwa ba, wani koren kwano mai ɓantararren murfi, na Lubabatu matar wani direba. Yau wagashi, jibi wagashi. Sakinatu ta ce wannan mata ba ta da aikin yi ne? Ta wanke, ta sa sabulu, ta miƙa wa Zailani.

Cikin watan Sha'aban surukar Lubabatu ta rasu. Sakinatu ta yafa mayafi ta je ta'aziyya. Da ta zauna, matan da ke kan tabarmar suka ɗan ja jiki, kamar ta shigo da sanyi. Lubabatu ta karɓi gaisuwa, sannan ta yi magana a hankali, amma yadda kowa zai ji.

"Matar liman, tsohuwa ta yi ta tambayar Malam. Tana son ya kira mata ɗanta na Onklou da ta yi fushi da shi, ta yafe masa a gabansa. Na aika kwano, na sake aikawa. Zailani ne ke dawo min da shi, da sabulu."

Sakinatu ba ta san yadda ƙafarta ta kai ta gida ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Tsohuwa ta gama gyara zaman goronta a kumatu tukuna, sannan ta warware mata. Mace a unguwar nan ba ta zuwa zauren liman ta zazzage sirrin gidanta, ga surukai, ga idon maza. Kwano take aikawa. Matar liman ta mayar da shi da ƙafarta, ta zauna, a ba ta ruwa, a faɗa mata abin da ke ci, ita kuma ta kai wa Malam a ɗaki. Kwandon zaure, da shi Inna ta yi ta yawon mayar da kwanuka tun tana amarya.

"Inna, me ya hana ki gaya min?"

"Kin tambaye ni, 'yar nan? Zancen gizo-gizo kika yi min."

Ga azumi ya ƙarato, ga ba kwanon da za a mayar. Sakinatu ta buɗe akwatin jerenta, ta fito da kwanukan da ko tuwo ba su taɓa gani ba, ta cika su da funkaso, ta roƙi Inna aron kwando. Goyo a baya, kwando a ka, ta shiga gida gida. Ta yi sallama ta ce ta kawo kwano. A ce ba namu ba ne, matar liman. Ta ce ta sani, ta nemi wuri ta zauna. Wani gida aka bar ta da kaji. Wani gida aka ba ta ruwa da zancen zafin rana. Sai a wani gida can bayan kasuwa matar ta rufe ƙofa ta fashe da kuka, ta yi ta magana har Mubaraka ta yi barci ta farka.

Gidan Lubabatu ma ta je. An karɓi kwano a bakin ƙofa, aka ce matar gidan ba ta jin daɗi. Kafin la'asar Zailani ya kawo mata shi a wanke tas, da sabulu a ciki.

Bayan sallar idi dattawa suka ce sun ƙara wa Malam shekara. Wai ɗan tsakanin nan Allah ya buɗe masa basira, yana isa gidan mutum tun kafin a kira shi. Malam ya shigo da labarin fuska a sake, har yana maimaita kalmar basira. Ya tarar da Sakinatu ta tsoma kumburarrun ƙafafu a ruwan ɗumi, keken ɗinkinta na nan a lulluɓe tun ranar da kamiyo ya sauke shi. Ta ce Allah ya ƙara buɗi, Malam. Inna na kan turminta, ta yi wani tari da bai yi kama da tari ba.

Zaure kuwa ya sake cika da kwanuka, kowanne da tafiyar da ke jiran ta. Kullum da safe Sakinatu takan tsuguna ta bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ta loda a kwando. Akwai fari, akwai mai fure, akwai na silba. Koren ne har yau bai zo ba.