Ranar da Muttaka Ya Zuba Ruwa

Tun da amai da gudawa ya shiga Gurbin Bore, Muttaka ne ke yi wa gawa wanka. Shi kaɗai ya rage a asibitin garin, abokan aikinsa sun koma Zurmi da Ƙaura saboda 'yan bindiga. Yakan sa safar hannu, ya zuba magani a ruwan, ya hana kowa taɓa mamaci. Mutane sun bi, amma ba su yafe ba.

Sai ciwon ya ɗauki ran mahaifinsa.

Ya iso gida da jarkar magani. A bakin ɗaki ya tarar da Baffa Sodangi, ƙanen mahaifinsa, ya naɗe hannun riga.

"Mi ka ɗauko, likita?" in ji Baffa.

"Abin da nake kai wa kowa, Baffa."

"Kowa? Wanga da ke kwance shi ya saida bisashenai ya kai ka makaranta. Yau ƙyamatai kake ji?"

"Ba ƙyama ba ce. Ciwon yana jikinsa har yanzu."

"Ciki guda muka fito. Ya yi man wasiyya in wanke shi da hannuna, ba da roba ba. Ajiye abin ga mai warin masai."

Dattawa suna zaure, suna ji. Muttaka ya san amsar, ya sha faɗa wa 'ya'yan wasu ita a ƙofar gidajensu. Ya buɗe baki. Ya dubi ƙafafun mahaifinsa da suka fito daga mayafi, duk faso. Ya ajiye jarkar.

Baffa ya yi wankan, Muttaka kuma yana zuba masa ruwa da buta. Da aka gama ya miƙa masa sabulu. Baffa ya ɗauraye sama-sama, ya share hawaye da tafin hannu.

Ba a kai ga sadakar uku ba Baffa ya kwanta. Ruwan leda da ake ƙara wa majinyata ya ƙare a asibiti. Direbobi sun ƙi hawa hanyar Zurmi, an tare ta. Muttaka ya yi ta ɗura masa ruwan gishiri da sukari, Baffa yana amayar da shi. Kafin asuba ya cika.

Da safe Lukman, babban ɗan Baffa, ya tsaya nesa da ƙofar ɗakin, hannuwa a baya.

"Yaya, ka taho da jarkar?"

Muttaka ya sa safarsa. Ya shiga shi kaɗai. Babu mai zuba masa ruwa.