Sakatar Banɗaki

A duk gidan, ƙofa ɗaya ce ke kulluwa ta ciki, ita ce ta banɗaki. Makullin ɗakin kwana ya ɓata tun Auta na rarrafe, kicin kuwa labule ne. Don haka Maman Auta, wadda ke wuni a tsaye a kantin magani tana maimaita wa mutane "bayan cin abinci", ta mayar da banɗaki wurin hutunta. Ta ajiye 'yar kujera a bayan bokiti, ta ɓoye ledar biskit a tsohon kwalin garin sabulu. In ta dawo aiki ta sauke tukunya, sai ta saɓa tawul kamar mai shirin wanka, ta shige, ta zura sakata, ta saki famfo kaɗan don ya ba da shaida. Ta zauna. Shi ke nan aikin.

Ba wai yaran na ƙyale ta ba ne. Yaya, babbar, takan zauna a bakin ƙofa tana shigar da ƙara, Auta kuma ya zuro yatsu ta ƙasa. Amma tsakanin a ja miki zane da a ja miki ƙofa akwai tazara, wanda bai haifa ba ba zai gane ba.

Ranar Asabar Auta ya shiga, ya kife bokiti, ya hau, ya zura sakatar.

Baban yaran malamin makaranta ne, kuma ya sha karatun tarbiyya cikin natsuwa a waya. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya tausasa murya.

"Auta, yaron kirki, ja ƙarfen nan hagu."

"Yaron da ke sa takalmi a juye ne zai san hagu?" in ji Maman Auta.

Daga ciki shiru. Shirun ne ya tsinka mata zuciya, don Auta ba ya shiru sai in yana ɓarna ko barci. Aka kira kafintan bakin layi, ya kwance ƙusoshin da ke riƙe da ƙofar, ya zare ta. Sai ga Auta zaune a kan 'yar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kumatu cike, leda a cinya.

Uban ya rungume shi, ya duba shi sama da ƙasa, sannan ya dubi ledar.

"Biskit a banɗaki?"

"Na Mama ne," in ji Yaya. "Kullum ina jin ƙarar leda."

Haka ake rainon maƙiyi da cokali.

Uban bai bi ta kan zancen ba. Ya juya ga kafinta. "Malam, kana mayar da ƙofar ka cire sakatar nan gaba ɗaya."

Maman Auta ta dubi ɗan ƙarfen. Tsawonsa bai fi yatsa ba, ya yi tsatsa, amma a duk kayan aurenta babu abin da ya yi mata amfaninsa.

"Malam kafinta, in ka cire ta, ka haɗa da ni ka tafi."

"Haba, Maman Auta! Yaron nan ya kusa…"

"Ya kusa me? Ya kusa cinye min biskit."

"To wai me kike yi a ciki kullum?"

"Ba komai."

"Ba komai?"

"Wallahi ba komai. Ka nuna min wani wuri a gidan nan da zan yi ba komai, in bar maka banɗakinka."

Ya waiga falo, inda kayan wasa suka mamaye kujeru, ya waiga kicin. Ya sosa ƙeya.

"Ni fa na ɗauka ciwon ciki ne. Har na so in ce ki nemi magani a wurin aikinku."

"Maganin ke nan kake cewa a cire."

Kafinta ya yi gyaran murya. "Ku daidaita, Uwargida, rana na yi."

Ta yi ɗage, ta miƙa hannu iya tsawonta, ta dafa ƙofar can sama. "Nan za ka mayar da ita. Wanda ya kai nan ya isa aure."

Aka ɗaga sakata. Uban ya tsaya yana kallon aikin da natsuwar ɗalibin da darasi ya shiga.

Ranar Litinin ta dawo ƙafafu a kumbure, ta sauke tukunya, ta saɓa tawul. Ƙofa a kulle. Famfo na zuba kaɗan-kaɗan. Leda ta yi ƙara.

"Baban Auta?"

"Ina wanka."

Tawul ɗinsa na rataye a igiya, a bushe. Ta tsaya. Fushi ya zo, ya tarar gajiya ta cika ko'ina, bai samu wurin zama ba. Yaran kuwa suna rataye da zanenta, ɗaya hagu ɗaya dama.

Ta sunkuya ta yi musu raɗa. "Babanku na ciki. Yana da biskit."

Suka sake ta a guje.

Ta shiga falo, ta ture motar roba da 'yartsana mara kai daga doguwar kujera, ta miƙe. Daga can tana jin duka a ƙofa, "Baba! Baba, buɗe!", da muryar nan mai taushi da aka koyo a waya, ta fara tsagewa.

Ta ja filo ta ɗora a kunne.