Sandar Fatsar Bakoji

Shekarar da ɓarayin daji suka kore garken Bakoji, ba shanu kaɗai suka tafi da su ba, har da maganar bakinsa. A ruga ya tashi, can gefen dajin Kuyello, kuma bai san wata sana'a ba sai bin saniya. Da abin ya faru, ya kwaso matarsa Furera da 'yan komatsansu, suka shigo garin Birnin Gwari, suka sauka gidan Abarshi.

Abarshi manomi ne, amanarsu kuwa tun ta iyaye ce. A da, duk kaka in an gama girbi, a gonar su Abarshi shanun su Bakoji ke sauka, su ci kara su bar taki. To shi ma Abarshi a lokacin gonarsa ta hanyar Kuyello ta gagari zuwa saboda ɓarayin, sai ya koma ga abin da a da yake yi don marmari, wato kamun kifi a dam ɗin bayan gari. Ya ware wa baƙinsa ɗaki, ya ce su zauna har Allah ya kawo sauƙi.

Furera ba ta daɗe ba ta sami abin yi, ta shiga kiwon kaji a bayan ɗaki. Bakoji kuwa sai zaman ƙofar gida. Ya yi sallar asuba ya zauna, rana ta kore shi ya bi inuwa, a kawo tuwo ya ɗan taɓa ya ture. Har rigarsa ta soma yi masa yawa.

Wata safiya Abarshi ya fito da birgi, tarunsa na jifa, a kafaɗa, ya tsaya a kansa.

“Tashi ka raka ni, Bakoji. Ina neman mai zauna mini a gindin jirgi.”

“Ni da ruwa sai in na kai dabba ta sha,” in ji Bakoji.

“To yau kai za a kai. Tashi, zaman nan ya ishe ni ko da kai bai ishe ka ba.”

Kunya ce ta tashe shi, ba sha'awa ba. Da ya shiga kwale-kwalen, ya damƙe gefe da gefe da hannu biyu, yana ta salati duk sanda jirgin ya karkata. Abarshi bai kula shi ba, ya yi ta jefa birginsa. Da rana ta ɗaga ya miƙo masa gora da zare da ƙugiya, ya soka masa tana, ya ce ya riƙe ko don hannunsa ya sami aiki. Can sai zaren ya motsa. Bakoji ya ɗaga, sai ga 'yar karfasa kamar tafin hannu tana ta wutsil-wutsil a iska. Dariya ta kuɓuce masa. Shi kansa sai da ya yi mamakin jin muryarsa.

Daga ranar ba a ƙara roƙonsa ba. Kafin Abarshi ya fito, ya riga shi tsayawa a zaure.

Ana nan, wata rana suna tsakiyar dam, inda ruwa ya yi duhu, wani abu ya kama ƙugiyarsa. Bai ma ga ko mene ne ba. Ya dai ji an ja shi kamar za a tsige masa kafaɗa, gorar ta ce ƙaras, rabi ya bi ruwa.

“Manyan ke nan,” Abarshi ya ce. “Suna kwance a tsohuwar hanyar kogi, can ƙasa. Birgi ba ya kai musu, gora kuwa ka ga yadda suke yi da ita.”

Bakoji ya koma gida da guntun gora a hannu, ya kasa zancen komai sai wannan. Furera ta saurare shi yau, ta saurare shi gobe. Ranar kasuwa ta kama kajinta masu girma ta bayar aka sayar, ta zo ta ajiye masa ƙullin kuɗin a kan tabarma.

“Malam, an ce akwai mai sayar da sandunan kamun kifi a kasuwa. Ka je ka duba.”

Ya buɗe baki zai yi musu, ta riga shi. “Kaji suna ƙyanƙyasa. Kai ne ba ni da wani.”

Mai sandunan Nababa ne, ɗan gari, mai rumfar kayan gwanjo. Ya daɗe a Legas yana yi wa wani mutum aiki, mai fita teku kamun kifi a ɗan ƙaramin jirgin roba na mutum ɗaya, kuma shi ma ya koyi fitar. Da ya tashi dawowa gida ya haɗo tsofaffin sanduna cikin kayansa, suna jingine a lungun rumfa tsakanin fitilu da tayoyin keke, ba mai tambayarsu.

Idon Abarshi ya faɗa kan wata doguwa, ja, mai ƙyalli. Ya ɗauko ta yana jujjuyawa. “Ga sanda, mutumina! Wannan ko kada ta kama sai ya fito.”

Nababa ya yi murmushi. “Baba Abarshi, ita ce mai tsadar cikinsu, kuma da zan so in sayar. Amma ta mai tsayuwa a gaɓa ce, mai jifa nesa. Ku a zaune kuke cikin jirgi. In babban kifi ya ja doguwar sanda, ba shi zai fito ba, ku za ku shiga.” Ya juya wajen Bakoji. “Baffa, kai gajera kake so. Kanta ya yi laushi don ka ji motsin ƙasa, gindinta ya yi ƙarfi don ɗagowa. Kuma kada ta yi nauyi, don wuni za ka yi kana ɗagawa kana saukewa.”

Bakoji bai san kifi ba, amma ya san sanda. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ya dafa kanta a ƙasa ya danna a hankali, ya ga inda take lanƙwasa, ya kara kunne ko zai ji ƙara. Wata ta yi masa tauri kamar muciya, ya mayar. Wata ta lanƙwashe tun daga hannu, ya girgiza kai. Wata kuma da ya bi ta da babban yatsa sai ya ji tsaga a ƙarƙashin fenti. Can ƙarshe ya zaro wata gajera, baƙa, duk ta koɗe, igiyar mariƙinta ta sha hannu har ta yi santsi. Ya danna ta, kan ya rusuna, gindin ya tsaya cak. Ya ɗora ta a yatsa biyu, ta zauna daidai.

“Wannan fa?”

“Ka zaɓi mai arha, kuma ka zaɓi ta aiki,” Nababa ya ce. “Sai dai ka duba nan.” Ya nuna masa ɗaya daga cikin zobban da zare ke bi, ya yi tsatsa har ya soma cinyewa. “Aikin ruwan gishiri ke nan, ba ya barin ƙarfe. In ka bar shi haka, shi zai yanke maka zare ranar da ka fi bukatarsa. Zauna in canza.”

Ya ciro zobe daga wata karyayyar sanda, ya ɗaura da zare, ya shafe da gam. Ya haɗa masa ɗan injin naɗe zare, ya kuma ɗauko wani ɗan kifin dalma mai walƙiya da ƙugiya a jikinsa.

“Wannan ba ya son tana. Ka sake shi har ka ji ya taɓa ƙasa, ka fizgo sama, ka bar shi ya koma, kamar ƙaramin kifi mai ciwo. Amma gaskiya ɗaya, Baffa: a teku na san yana aiki. Ko kifin dam zai yarda, Allah ne masani.”

Bakoji ya kwance ƙullin Furera ya miƙa. Nababa ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya mayar masa da saura, ya ce a sayi hatsin kaji.

Kifin dam bai yarda da wuri ba. Makonni suka shuɗe Bakoji na ɗagawa yana saukewa, ba ko ƙaya. Masunta in sun wuce a jiragensu sai su ɗaga murya, “Sannu da tatsa, Bafillace! Dam ɗin ya kawo nono kuwa?” Shi ma yakan yi dariya, amma in ya dawo ya ga akurkin Furera da sauran 'yan tsaki, sai ya sunkuyar da kai. Abarshi kuwa ko sau ɗaya bai ce a bari ba. Kullum in ya gama jifarsa, sai ya tuƙa su wajen ruwa mai duhu, ya ajiye filafili, ya ce, “Bismilla, yi naka.”

Ran da abin zai zo, da hantsi ne, iska ta kwanta. Bakoji ya saki dalmar, ya fizgo, ya saki, sai ya ji ba ta koma ba. Kafin ya yi tunani sanda ta rusuna har kanta ya sha ruwa, injin ya ɗauki kuka, jirgin ya juya da kansa ya bi zare.

“Ja! Ja shi, Bakoji!” Abarshi ya yi ihu.

“A'a. Ba a ja da bijimi in ya fusata. Bari ya gaji.”

Ya kafa gindin sandar a cinya, ya bar kifin ya yi ta jan su. In ya ji ya lafa sai ya ɗago a hankali ya naɗe zare, in ya zabura ya sakar masa. Gumi ya jiƙa masa riga. Bai san sanda ya soma yi wa kifin magana da Fillanci ba, ƙasa-ƙasa, yana lallashi. Masuntan da ke kusa suka daina jifa, suka zuba ido. Da aka jima sai ga wani fari ya taso daga duhun ruwa, ya kwanta a gefe, yana buɗe baki. Giwan ruwa ne, tsawonsa ya kusa kai ƙirjin mutum. Abarshi ya zura hannu ta kunnen kifin, su biyu suka mirgino shi ciki, jirgin ya kusa kifewa.

Bakoji ya zauna yana haki, yana kallonsa. “Mi yetti Allah,” ya gode wa Allah da Fillanci, ya sake cewa, hawaye na bin gemunsa, bai kuwa share ba.

A gida aka yi ta shigowa kallo. Kafin a kai saura kasuwa, Bakoji ya sa aka yanki tsoka mai kyau, ya kai wa Nababa da kansa. Habiba, matar Abarshi, ita ta yi farfesun, don Furera ta ce ita ba ta san ta inda ake kama kifi a dafa ba, kuma kada a kusanto da shi ƙoranta. Shi kansa Bakoji ranar ya fara sa kifi a baki. Ya tauna a hankali, kowa na jiran hukunci.

“Ba laifi,” ya ce. “Amma a ƙaro.”

Bayan an watse ya dubi Abarshi. “Abarshi, abin da ka yi mini...”

“Ci kifinka, kada ƙaya ta maƙale maka,” in ji Abarshi.

Da damina ta matso, hanyar Kuyello ta soma biyuwa, manoma suka fara komawa gonakinsu. Abarshi ya wasa fartanyarsa, ya ɗaure iri a bayan babur. Da zai tafi ya ɗauko filafili ya miƙa wa Bakoji.

“Jirgi ba ya son zama a gaɓa, bushewa yake ya tsage. Ka riƙa fita da shi.”

Washegari Bakoji ya tura kwale-kwalen shi kaɗai, sandarsa a kwance a gabansa. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa tuƙi ba. Ya sa filafili a dama, jirgi ya juya hagu, ya mayar hagu, ya juya dama, ya yi ta zagaye wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya yar. Wani tsohon masunci da ke gyaran taru a gaɓa ya yi dariya har da tari, sannan ya ajiye tarun, ya naɗe wando, ya shigo ruwa.

“Matsa gaba, Malam Bakoji,” ya ce. “Kawo in nuna maka yadda ake riƙewa.”