Lasisi a Kurar Mai Gwangwan

Mai Allura ake kiranta a layinsu, ko da yake ta daɗe da ajiye allurar hannu. Injin surfani gare ta a shago, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta. A zana fure ko tambari a manhaja, inji ya bi zanen da zare. A wannan satin bajen rigunan wata makaranta ne a gabanta, wato tambarin da ake ɗinkawa a ƙirjin riga, rigunan suna jibge a kwali har kusa da rufi, ga shi hutu ya zo ƙarshe.

Tsohuwar kwamfutarta kuwa ta gaji. Da an kunna ta sai fankar cikinta ta kama gurnani kamar tsohon babur a hawa, ta yi zafin da za a iya gasa hannu, sannan ta ɗauke ɗif a tsakiyar aiki. Mai Allura ta yi ta lallaɓa ta har ta ga abin ba na lallaɓa ba ne, ta sayo sabuwa. Yayanta, wanda yake gyaran rediyo da kwamfuta a bakin kasuwa, ya zo ya kwashe mata duk zane-zanenta ya zuba a sabuwar, ya ce saura manhajar, gobe da safe zai dawo. Ita kuma ta sa tsohuwar a leda ta kai gida, ta jingine ta bayan ƙofa, ta ce a gaban mijinta, “Alhamdu lillahi, na rabu da wannan gwangwan.”

Mijin nata ma'aikacin asibiti ne, mutum mai son tsabta har ta yi masa yawa. Duba-gari take ce masa, shi kuma ya amsa da fara'arsa, don a ganinsa yabo ne.

Washegari Yaya ya iso shago da jakar kayan aikinsa, ya ɗora manhajar a sabuwar kwamfuta, ya ce ta shigar da imel ɗinta da kalmar sirri. Ta shigar. Wani ɗan akwati ya fito a allo da jan rubutu. Yaya ya gyara tabarau ya karanta, ya yi murmushi.

“Cewa ta yi tana da miji,” in ji shi.

“Wace ce?”

“Manhajar. Lasisinki na kwamfuta ɗaya ne, kuma har yanzu yana ɗaure a tsohuwar. Ba a ɗaura aure kan aure, ƙanwata. Sai mun kunna waccan, mu haɗa ta da intanet ta sake shi, sannan wannan ta karɓa. Aikin ɗan lokaci ne. Ina tsohuwar?”

“Tana gida. Bari in sa Duba-gari ya kawo, yau ba ya aiki.”

Ta kira shi. Ya ɗauka da murya wasai, ana jin ƙarar tsintsiya a bayansa.

“Abban yara, akwai wata baƙar leda bayan ƙofa, don Allah ka kawo min ita shago.”

“Ai na riga ki,” ya ce cike da alfahari. “In kin dawo ba za ki gane gidan ba. Mai gwangwan ya wuce tun da sassafe, na tattara masa ita da mataccen dutsen guga da rediyon nan mai tari. Ko sisi ban karɓa ba, na ce ya ɗauka sadaka.”

Mai Allura ta nemi kujera ta zauna. Yaya ya karɓi wayar daga hannunta, ya saurara, ya ce “Inna lillahi,” ya kashe.

“Yaya, ba wata hanya?”

“Akwai. A rubuta wa kamfanin su kwance shi daga can. Amma mutanen nan sai sun ga dama suke amsawa, za su nemi shaida, su ce a jira. Kafin su waiwaye ki yara sun koma makaranta sun yi jarrabawa.”

Ta dubi kwalayen rigunan. Shugabar makarantar ta amince mata ne bayan wani mai surfani ya ba su kunya bara, ita kuma ta bugi ƙirji ta ce ba za a ji kunya a hannunta ba. Yanzu ga inji lafiya lau, ga zare, ga sabuwar kwamfuta tana sheƙi, amma duk sun zama kayan kallo.

Ba a jima ba ta ji tsayuwar babur a ƙofar shago. Duba-gari ne, ko rigar shara bai canza ba, fuskar nan duk ta faɗa.

“Ke fa kika ce gwangwan ce,” ya fara.

“Na ce. Kai ma ina ce maka Duba-gari, gwamnati ta taɓa ba ka albashinsa? Ja mu tafi.”

Mai gwangwan ba shi da shago, kura yake turawa layi-layi. Suka tambayi mai wankin mota, ya nuna gabas. Suka tambayi mai faci, ya ce ya gan shi ya nufi bayan tasha, inda ake auna ƙarafa. Duk hanyar Mai Allura addu'a kawai take a zuci, kada a ce guduma ta riga su.

Filin awon ya fi yadda ta zata girma. Tsofaffin firji a jere ba ƙofofi, gadajen ƙarfe, tukwane masu huji, tarin wayoyi a cukurkuɗe kamar saƙar gizo. Can gefe wasu mutane suna fasa injin wanki da guduma suna ware jan ƙarfe, kowane bugu sai ta ji shi a ƙirjinta. Duba-gari ya hango mutumin a ƙarƙashin wata rumfar kwano, dattijo mai furfura a gemu, yana shan shayi kusa da kurarsa. Kurar wayam.

Suka gaisa. Duba-gari ya yi bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa.

“Wato kyautar da ka yi min ka biyo?”

“Baba, ba haka ba ne,” Mai Allura ta sa baki. “Abincina ne a cikinta. Akwai abin da za mu cire, ba ƙarfe ba ne, ba ya ma da nauyi a sikeli.”

“Abin da ba ya da nauyi a sikeli ai ba nawa ba ne, 'yata.” Ya yi dariya. “Dutsen guga da rediyo sun riga sun tafi. Amma faifan nan mai buɗewa, ɗaga min teburin nan, malam.”

Sai a lokacin ta lura. Teburin da sikeli yake kai ƙafarsa ɗaya gajera ce, kuma abin da aka tokare ta da shi ba katako ba ne. Kwamfutarta ce, a rufe, ƙafar tebur ta lotsa mata murfi. Duba-gari ya ɗaga, ta durƙusa ta zaro ta da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri.

“Tun bara nake neman abin da zai daidaita teburin nan,” in ji dattijon. “Yau na samu, kun zo. To ku tafi da ita, Allah ya sa a dace.”

Kai tsaye shagon Yaya suka wuce, don can kayan aiki suke. Ya buɗe murfin, allon ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, wani baƙi ya malale a ciki kamar tawada. Mai Allura ta runtse ido.

“Kar ki damu da fuska,” in ji Yaya. “Fuska ana aro.”

Ya jawo waya ya haɗa ta da wani allo da yake kan bencinsa, ya laluɓo caja a cikin kwandon cajoji, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa ya riƙe. Can sai gurnanin nan da ta tsana ya taso, allon aro ya kawo haske. Ba ta taɓa jin ƙara mai daɗinsa ba.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Suna cikin haɗa ta da intanet ɗin wayar Yaya, kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ya taɓa ƙasanta ya janye hannu da sauri.

“Zazzaɓi ne,” in ji Duba-gari, wanda ya ga an zo fanninsa. “A sa mata ƙanƙara.”

“Ka sa mata ruwa in kana son ka ƙarasa abin da ka fara,” Yaya ya ce.

Ya kife ta ya kwance murfin ƙasa. Abin da ya fito ya sa Yaya ya fashe da dariya. Burbushin zare ne na shekara da shekaru, ja da kore da ruwan gwal, ya dunƙule a bakin fankar ya zama kamar ɗan matashi. Ya zaro shi da hantsaki ya ɗaga sama.

“Ƙanwata, ashe har ciki kike yi mata surfani. Da me za ta yi numfashi?”

Ya hure sauran, ya ɗora ta kan gwangwanaye biyu don iska ta ratsa ƙasanta, ya miƙa wa Duba-gari fankar tebur ya ce ya riƙe daidai wurin, kada ya motsa. Duba-gari ya durƙusa ya riƙe da hannu biyu, gumi yana bin wuyansa, don iskar duk ta kwamfuta ce.

Aka sake kunnawa. Ta ɗauki lokacinta kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Intanet ya kama. Mai Allura ta buɗe manhajar, Yaya yana nuna mata da bakin sukudireba: nan, sai nan, sai wancan na ƙasa. Akwati ya fito yana tambaya ko ta tabbata tana so ta cire lasisi daga wannan kwamfuta.

“Wai ko na tabbata,” ta ce. “Bayan filin gwangwan?”

Ta danna. Wani ɗan zobe ya kama juyawa a tsakiyar allo. Ya juya, ya juya. Gurnanin fanka ya ƙaru. Har mai sayar da batir na shagon gefe ya leƙo ya tsaya. Mai Allura ta ji tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Sai zoben ya tsaya, koren rubutu ya fito.

Yaya ya matso da fuska ya karanta a hankali, ya cire tabarau. “Ta sake shi.”

“Ka tabbata?”

“Ga shi har imel sun turo miki. Duba wayarki.”

Ta duba, ga saƙon. Ta sauke wani dogon numfashi, ta zauna a kan wata tsohuwar lasifika. Duba-gari bai saki fankar ba.

“In ajiye?” ya tambaya.

“Ajiye, Abban yara. Ka yi jinya mai kyau.”

Da suka koma shagonta, sabuwar kwamfutar ba ta yi gardama ba. Imel, kalmar sirri, sai manhajar ta buɗe da duk kayan aikinta a inda ta saba ganinsu. Ta ɗaura ƙyallen gwaji a firam, ta zura zare, ta tura zanen. Inji ya ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan allura ta sauka ta kama tafiya, tat-tat-tat, shuɗin zare yana zagaye gefen bajen.

Duba-gari ya fita ya dawo da ruwan sanyi, ya miƙa wa Yaya, ya miƙa mata. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ta zaci wani ban haƙurin zai sake yi. Sai ta ga kafaɗunsa suna rawa.

“Mene ne kuma?”

Ya nuna ƙafafunta. Ta duba. Takalmin dama nata ne na fita, na hagu kuwa silifas ɗin Yaya ne da ya cire a bakin ƙofa da safe, ya fi ƙafarta da kusan rabi. Haka ta hau babur, haka ta ratsa filin gwangwan, haka ta tsaya gaban dattijo tana roƙo.

“Shi ya sa!” in ji Yaya. “Na yi ta nema har na haƙura, na ari na maƙwabcinki na koma shago.”

Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi. Sannan ta cire silifas ɗin ta tura masa da ƙafa, ta jawo kwalin farko, ta ce wa mijinta tunda yau ba ya aiki, ya zauna ya riƙa miƙo mata rigunan ɗaya bayan ɗaya.