Baftismar Tabita

"Keziya, dawo da yarinyar nan!" Asa ya jefar da gatarinsa ya biyo matarsa a guje. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ƙara matse jaririyar cikin bargo, ta ratsa gonar masara, ta nufi bukkar gungume da ke bakin daji, inda Fasto Gilkris yake kwance da agana.

A wani sansanin masu saran itace ya kwaso ciwon, inda ya je binne gawar da dangi suka gudu suka bari. Tun da ya dawo, a kan kututture ake ajiye masa abinci, a buga kwano a arce. Mutumin da ya tsufa a bayan doki, yana keta fadamun kogin Wabash don ya yi wa gida uku wa'azi, yau an bar shi da ƙudaje. Mutane ke nan.

Ita ma Keziya tsoron take ji, amma akwai wani tsoron da ya fi shi. Jaririyar, Tabita, ta zo duniya ba ƙwari, kukanta ma kamar na 'yar kyanwa. A ikilisiyarsu kuwa babu mai yin baftisma sai fasto naɗaɗɗe, ba dattijo, ba ungozoma. In wannan ya tafi, wani faston ba zai zo ba sai ƙanƙara ta narke, in ma ya zo. 'Ya'yanta biyu suna kwance a kabari bayan gidansu, amma su an yi musu baftismar.

Ta tura ƙofar da ƙafa ta shiga. Wari ya buge ta. Ba don farin gemun ba, da ba ta gane fuskar ba.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba. Keziya. Na kawo ta."

"Kin kawo wa?" Sai ya ji ɗan kukan. Ya yunƙura, tari ya sarƙe shi. "Fita! 'Yata, fita da ita!"

"Ga ruwan na zo da shi a kofi, Baba. Ɗan kaɗan ne za ka sa mata."

"Da wane hannun?" Ya ɗago shi, duk ƙuraje sun haɗe. "Da wannan? Kabari na uku kike so Asa ya haƙa?"

"In ta mutu a haka fa?"

"Kin gani? Ina wa'azi kina gyangyaɗi a bencin baya." Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. "Ba ruwan ke ceto ba, Keziya. Wanda ya ba ki ita ya riga ni sanin sunanta. Asa! Kana ji na? Janye matarka!"

Asa ya fizgo ta waje, kofin ya faɗi a bakin ƙofa. Suna tafiya suna jin tsohon yana addu'a da dusasshiyar murya, yana ambaton sunan yarinyar.

Ran Lahadi da hantsi aka tarar abincin jiya ba a taɓa ba. Maza suka rufe hanci da tsumman da aka jiƙa da ruwan tsami, suka naɗe shi cikin shimfiɗarsa suka binne, suka cinna wa bukkar wuta. Ba a sami mai addu'a ba sai Asa, yana yi yana in'ina.

Tun daga ranar, kowace safiya Keziya takan kai Tabita hasken bakin ƙofa, ta tuɓe ta, ta duba ciki, hammata, tsakanin yatsu. Wata safiya ta tsaya a bayan kunne. Wani ɗan jan ɗigo ne, bai kai ƙwayar gero ba.

Asa ya leƙo ta kafaɗarta. "Sauro ne."

"Da sanyin nan?"

Keziya ta ɗora babban yatsanta a kan ɗigon ta rufe shi, yarinyar na ta barcinta.